Gidajen Kwali na Japan da Gidanku na Gatawa

Ya Zulaiha, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata mai sanyi, hasken idona! Gaisuwa daga Sabon Birni zuwa Isa, daga mai laifi zuwa ga wadda anka yi wa laifi.

Wayyo ni, bakina ya ja mini! Kin san sana'ata tura finafinai a wayoyin mutane bakin kasuwa, kin san haukata kan tsoffin finafinan Japan, waɗanda wasu halittu ke saukowa daga sama cikin jirage masu kama da faifai su ƙone duniya. Ran Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidan gwaggonki, na kunna miki ɗaya don in burge ki. Ina ta ƙyalƙyala dariya, ina nuna miki zaren da anka rataye jirgin da shi, da gidajen kwali da anka jera bisa tebur anka cinna musu wuta. Har cewa na yi ki dubi ƙauyawa suna gudu da ƙunshi a ka kamar an kori kaji!

Sai da kinka aje wayar bisa tabarma, kinka shige gida, sannan na tuna. Gatawa, garinku! Ke da kinka fito da ƙafa ranar da 'yan bindiga sunka shigo, hayaƙin rumbun babanki na bayanki? Wane irin sakarai ne ni? Wanshekare anka ce kin tafi Isa, kin kuma ce dattawana su dakata da zuwa neman aure.

Na sake kallon fim ɗin ni kaɗai. Wallahi ban ga zare ba, ban ga kwali ba. Wata mata na gani tana gudu tana waiwaye, na kashe wayar. Su can in an gama ɗaukar fim sai su share toka su jera sabon gari. Ku fa, wa ya jera muku?

Kunya nake ji, masoyiyata, kunya har cikin ƙashi. Tun bara nake zuwa zance ina cika ki da surutun halittun sama, ban taɓa tambayarki yadda kinka fito ba.

Za ni Isa ran kasuwa, wayata a kashe cikin aljihu. In kin fito, za ni kama bakina, ki faɗa mini abin da ke cikin ƙunshin da kinka ɗauko rannan, da abin da kinka bari. In ba ki fito ba, za ni dawo kasuwa ta gaba.

Naki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ƙasa ta rufe idona,

Hafizullahi