Farfelar da Na Zaɓa

Choggu, Tamale
16 ga Satumba, 2024

Zuwa ga matata Shamsiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Faridatu. Yaya karatun ungozoma, yaya ruwan Kumasi? Tarin nan ya sake ta kuwa? Mahaifiyata Mma tana gaishe ku.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban bas alhali ga waya. Sau huɗu kika kira ni, duk na ce miki aiki ne ya yi yawa. Ba aiki ba ne. Bakina ne ya kasa.

Mba Yidana ya rasu ranar Alhamis. Kin san shi, tsohon sojan nan na Gbalahi da ke bin helikoftanmu na ɗaukar marasa lafiya, wanda ya kawo mana doya lokacin sunan Faridatu. Aikinsa shi ne idan mun sauka a ƙauye ya tsare mutane kada su kusanci jirgin.

Ambaliya ta yanke wani ƙauye can bayan Nawuni, aka ce wata mata mai suna Ashetu ta kwana biyu tana naƙuda. Muka sauka a filin ƙwallon makaranta. Ƙasa ta yi laushi, don haka matuƙi bai kashe inji ba, yana tsoron kada mu nutse. Mun shigar da ita ke nan sai ga uwarta, tsohuwa ce, ta ɓullo ta bayan jirgi da ƙullin zannuwa a ka.

Ban taɓa yi miki bayanin farfelar jela ba. Babbar farfela ta sama tana juyawa gefe guda, jikin jirgin kuma yana son ya juya ɗaya gefen. Ƙaramar da ke jela ita ce ke riƙe shi ya tsaya daidai. Tamu a buɗe take, daidai tsayin kan mutum, kuma idan tana gudu ido ba ya ganinta. Tsohuwar ba ta ga komai ba. 'Yarta kawai take hange.

Na ji Mba Yidana yana mata ihu da Dagbanci, amma ƙarar inji ta hana ta jin muryarsa. Ya ruga ya ture ta, ta faɗi cikin taɓo. Shi ma santsi ya kwashe shi. Da ya zauna a ƙasa da ya tsira. Amma mutum in ya faɗi tashi yake yi.

Ni na fara isa gare shi. Ba zan rubuta miki abin da na gani ba. Bai yi minti biyu ba.

Farfelar ta lalace, jirgi ba zai tashi ba. Da kwalekwale aka fitar da Ashetu, awa shida kafin su kai titi. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

An yi jana'izar Mba Yidana ranar Juma'a. Kada ki bar karatunki ki taho, jikina lafiya lau. Ki yi masa addu'a, ki shafa min kan Faridatu.

Mijinki,
Naeem

Choggu, Tamale
25 ga Satumba, 2024

Shamsiya tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida 'yata. Na ji daɗi da kika ce tarin ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Na ga saƙonki, na karanta shi ya fi sau goma. Kin ce kwanansa ne ya ƙare, kada in ɗora wa kaina abin da ba ni na yi ba. Na yarda da ƙaddara, Allah ya sani. Amma akwai abin da ban gaya miki ba.

Kin tuna shekaru biyu da suka wuce, lokacin da na cika teburin cin abinci da takardu har kika ce sai dai mu ci tuwo a ƙasa? Ƙungiyar da nake wa aiki za ta ɗauko jirgi, jirage biyu ne a gabanta, aka ce ni injiniya in ba da shawara. Ɗaya shi ne wannan. Ɗayan farfelar jelarsa tana da gida. An huda jelar an yi mata zobe mai kauri, aka saka farfelar a ciki mai ƙananan fukafukai goma. Bakin zoben an lanƙwasa shi yadda zai zuƙo iska da kansa ya taya farfelar aiki. Tazarar fukafukan ma ba ɗaya ba ce, da gangan, don ƙara ta ragu. Mutum zai iya gogar jelar da kafaɗa ya wuce bai ji komai ba. A kan irin wannan zoben na rubuta kundin kammala digirina, Shamsiya. Babu wanda ya fi ni sanin amfaninsa a wurin.

Amma yana da nauyi, kuma idan jirgi ya tsaya cak a sama, ko zai tashi tsaye daga ƙaramin fili, yana cin ƙarfin inji fiye da buɗaɗɗiyar. Kin san zafin Tamale a watan Maris. Iska tana yin sirara, farfela ba ta samun abin kamawa. Na yi lissafi na ga a irin wannan zafin, mai zoben da aka kawo mana majinyaci ɗaya zai ɗauka, wannan kuwa biyu. Sai na rubuta a ɗauki wannan. A shafi na tara na sa layi ɗaya: haɗarin farfelar jela za a kauce masa idan aka sa mutum mai lura a bayan jirgi duk inda aka sauka.

Saboda wannan layin aka ɗauki Mba Yidana aiki. Ni na kawo sunansa ma, don na san shi da natsuwa.

Bai taɓa sani ba. Akwai ranar da muka ga mai zobe ya sauka a filin jirgi, ya tsaya yana kallo, ya ce min, "Injiniya, wannan ai ba ya bukatar irina." Muka yi dariya mu biyu.

Jiya masu bincike suka zo daga Accra. Sun duba littafin gyara, sun ce babu inda na yi sakaci. Na ɗauko musu rahoton da kaina na buɗe shafi na tara. Babbansu ya karanta, ya ce lissafina daidai ne, da shi ne ma haka zai zaɓa. Ya ce a shekaru biyu sau talatin da ɗaya muka ɗauko mutum biyu a tashi guda, in tuna da waɗannan. Ina tunawa da su. Na san sunayen wasu. Amma da na zauna cin abinci sai in ji warin man jirgi da taɓo, in ture kwanon. Mma ta fara tambayata ko ciwo nake ɓoyewa.

Matarsa, Mma Mulikatu, ba ta san wannan ba. Ranar sadakar uku ta riƙe hannuna tana min godiya wai ban bar shi ya cika shi kaɗai ba. Ki gaya min gaskiya, ke mace ce: in da ke ce, za ki so a gaya miki?

Ina kewarki ƙwarai. Ki gaida matar gidan da kuke.

Naki,
Naeem

Choggu, Tamale
9 ga Oktoba, 2024

Maman Faridatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Yaya gajiyar jarrabawa? Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye a asibiti? Mu nan sai godiya.

Kin ce min ke dai za ki so ki sani, ko da za ki tsani wanda ya gaya miki. Na bi maganarki. Ranar Asabar da hantsi na hau babur na tafi Gbalahi.

Na same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa. Hausarta kaɗan ce, Dagbancina ma haka, don haka muka haɗa biyun. Na ɗauki tsinke na zana mata jelar jirgi a ƙasa, na zana farfela a buɗe, na zana wata a cikin zobe. Ta daɗe tana kallon zanen.

Ta ce, "Mai zoben nan, akwai shi da gaske, ko a takarda ne?"

Na ce akwai shi.

"Da shi aka ɗauka, da mijina yana nan?"

Na ce Allah ne masani, amma a ganina da yana nan.

"Wa ya ce a ɗauki wancan?"

Na ce ni ne. Na fara yi mata bayanin zafi da nauyi da majinyata biyu, ta ɗaga min hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce kullum in mijinta zai fita sai ya ce mata kada ta damu, Injiniya yana ciki, yaron nan ba ya barin ko ƙusa ɗaya a kwance. Sannan ta ce, "Na ji. Ka yi kirki da ka faɗa. Amma kada ka zo sadakar arba'in, ba zan iya ba ka abinci da hannuna ba, kuma ba na son mutane su tambaye ni dalili."

Na ce to. Na sa takalmina. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Sabbin fukafukai sun iso ranar Litinin, na ɗaura su, na gwada, na sa hannu cewa jirgi zai iya tashi. Na rubuta wa shugabanni cewa in kwangilar wannan ta ƙare a nemo mai zobe, ko da mutum ɗaya zai riƙa ɗauka a watannin zafi. Sun ce za su duba, amma saura shekaru uku. Ruwa kuma bai janye ba, ƙauyuka bakwai har yanzu babu hanya, kuma mata ba su daina naƙuda ba.

An nemi wanda zai karɓi aikin tsayawa a baya. Mutum biyu sun zo, da suka ji labari ba su dawo ba. Doka kuma, wadda ni na rubuta, ta ce ba a sauka a ƙauye sai da mutum a wurin. Don haka na ce ni zan tsaya har a samu wani.

Na san abin da za ki ce. Ba hukunta kaina nake yi ba, wallahi, ina son in ga Faridatu ta girma. Na sayi takalma masu kama ƙasa, na sa an yi mana igiya mai jan ƙyalle da za mu riƙa kewaye jelar da ita. Mma ba ta sani ba, don Allah kada ki gaya mata a waya. Ki bari in kin zo hutu mu gaya mata tare.

Gobe da ƙarfe bakwai na safe za mu tashi. Wata mata za mu ɗauko, mai cikin tagwaye. Idan kin idar da sallar asuba ki sa mu a addu'a, ni da ita.

Mijinki mai ƙaunarki,
Naeem Sulemana