Na rantse ban san ta ba, alhali ita ta riƙe hannuna ranar haihuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wata biyu ke nan abu ɗaya yana cin raina.

Ina aiki a wani babban shago a Wendover, kuma a nan na haɗu da wadda zan kira Denise. Ita ta koya min aiki lokacin da Turancina bai wuce gaisuwa ba, ita ta koya min tuƙi a motarta, na daki kwandon shara sau biyu tana dariya. Wata rana muna cin abinci a mota ta faɗa min cewa da jikin namiji aka haife ta, sunan namiji aka raɗa mata, amma tun tana ƙarama ba ta taɓa jin kanta namiji ba, kuma danginta sun yanke ta a kan haka. Gaskiya kaina ya ɗaure, har yau ma ban gama fahimta ba. Amma na ce mata ni Denise na sani, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Ranar da naƙuda ta kama ni a wurin aiki maigidana yana Texas da tirela. Denise ta bar aikinta ta kai ni asibiti, ta riƙe hannuna har na sauka. Shi ya sa da suna ya zo na ɗinka mata anko da kaina.

Kun san yadda muke yi, mata a ciki, maza a waje ƙarƙashin rumfa. Mata suka ajiye mayafi ana ta rawa, Denise na tsakiya ana koya mata ɗaurin ɗankwali. Can wata Anti, wadda ɗanta yake aiki a shagonmu, ta ja ni kicin. Ta ce ashe namiji na shigo musu da shi suka buɗe kai a gabansa, ta ce ko na sani? Ita ce za ta riƙa riƙe min jaririya idan na koma aiki, ita ce uwata a garin nan. Tsoro ya kama ni, na ce wallahi ban sani ba, abokiyar aiki ce kawai.

Ban tsaya nan ba. Na ɗauki kular shinkafa na miƙa wa Denise, na ce ta kai wa maza, ta ɗan tsaya can ta taya su rabo. Ba ta jin Hausa, amma ta kalli Anti, ta kalle ni, ta karɓa. Daga taga na ga ta ajiye kular a gaban maza, cikin ankon da na ɗinka mata, ta wuce motarta.

Na san matan suna da hakki a kaina, da na yi musu bayani tun farko kowa ta zaɓa wa kanta. Amma ba su na wulaƙanta ba. Rantsuwar ƙaryar kuma tana nan a wuyana.

Da na koma aiki Denise ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Tambaya ɗaya ta yi min, wai me na ce wa matar nan a kicin. Na ce ba komai. Yanzu ta nemi a mayar da ita wani reshe, ƙarshen watan nan za ta tafi.

In na faɗa mata gaskiya, za ta ji cewa ni ma na yi mata abin da danginta suka yi. In na je na faɗa wa Anti na sani tun farko, wataƙila in rasa ta da sauran matan. Wanne zan fara, kuma da wane baki? Bargon da Denise ta saƙa da hannunta ne kawai 'yata ke yarda ta yi barci a ciki, kullum ni nake lulluɓa mata shi.