Katin da Ban Rubuta Ba

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe 4:12 na yamma

Ina zaune a bencin bayan situdiyo. Shirin sababbin waƙoƙi ya ƙare minti goma sha biyu da suka wuce. An saka waƙa shida. Duk ni na nemo su, ni na rubuta wa kowacce katinta: wa ya rera, ina aka ɗauka, a kan me take. Mai gabatarwa ya ce "na gano muku" sau tara. Da biro na ƙirga a tafin hannuna. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba.

Daga yau sunansa a littafin nan Na-Gano.

Gwajina na wata uku zai cika a ƙarshen watan nan. Manaja ta ce sai wanda aikinsa ya fito fili za a ɗauka. Nawa aikin da muryar wani yake fita.

Litinin, 5 ga Mayu

Na yi masa magana. Tun a mota nake maimaita jimlar. "Yallaɓai, ko za a riƙa ambaton wadda ta yi binciken?" Bai ɗago daga wayarsa ba. "Ƙanwata, mai sauraro murya ya sani, bai san kati ba. Taimaka min da ruwan sanyi."

Na kawo ruwan. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Laraba, 7 ga Mayu

Waƙa uku na samu yau. Wasu 'yan'uwa biyu masu jita, a matakalar bene suka ɗauka, ana jin amsa-kuwwa da tarin wani maƙwabci. Wani direba mai siririyar murya, amshinsa ya maƙale min tun safe. Sai ta ukun.

Tela ce. Mutum arba'in da ɗaya kawai suka saurare ta. Minti uku da daƙiƙa takwas. Ba ganga, ƙarar keken ɗinki ce kiɗan, da sauri, har ƙafa ta fara motsi da kanta. Sai a baiti na biyu ake gane maganar: mahaifiyarta ce ta rasu ta bar riga rabin ɗinki a kan keke, ita kuma ta kasa ƙarasawa, ta kasa cirewa. Sau bakwai na ji. Na shiga banɗaki na wanke fuska.

Na tura mata saƙo. Ta amsa: "Rediyo na gaske? Anti, kar ki tsokane ni."

Wannan ma ya ce shi ya gano? Wallahi a'a.

Alhamis, 8 ga Mayu

Baba Injiniya, mai kula da na'urori, ya ce min yana naɗe waya: "'Yata, mutumin nan naki ba ya jin waƙa. Da ta fara yake cire abin kunne." Ba zan ɗauka ba sai na gani da idona.

Asabar, 10 ga Mayu

Waƙa shida, ya cire abin kunne sau shida. "Na gano" sau goma sha ɗaya.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ga shawarar. Ranar 24 Manaja za ta zauna a ɗakin na'urori ta duba shirin. Zan ba shi waƙa shida da kati biyar. Ba zan rubuta ƙarya ba, ba halina ba ne. Shiru kawai zan yi. Waƙar da farkonta zai yaudare shi ita ce ta Tela.

Na gaya wa Yaya tana guga. Ta yi dariya har ta jingine dutsen. "Ke? Ke da in kin taka ƙafar mutum sai kin bi shi gida da ban haƙuri?" Na ce ta zuba ido.

Asabar, 17 ga Mayu

"Na gano" sau takwas. Ya ƙara da cewa 'yan'uwan nan masu jita "yarana ne". Ko adadinsu bai sani ba sai da ya duba kati.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 4:30

Dole in rubuta wannan yanzu.

Ƙarfe 3:39 ya lalubi kati na shida, babu. Ya dube ni ta gilashi, na sunkuya kamar ina neman biro. Baba Injiniya ya jiyar da shi daƙiƙa goma na farko. Ya buɗe makirufo: "Ku ture kujeru! Na gano muku ta rawa, ta masoya! Mai baƙin ciki ya ba mu wuri!" Har a tsakiyar waƙar ya sake shigowa yana "taka, taka!"

Waya ta fara ƙara tun kafin ta ƙare. Wani dattijo, kai tsaye: "Malam, ka kuwa ji abin da yarinyar nan take faɗa? Uwarta fa take yi wa kuka."

Daƙiƙa huɗu shiru a iska. Na ƙirga.

Da aka tashi Manaja ta tambaye shi a gaban kowa: "Yaya aka yi ka gano waƙar da ba ka taɓa ji ba?" Gumi ya karyo masa har wuyan riga. Ba wanda ya kawo masa ruwan sanyi.

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Lahadi, 25 ga Mayu

Akwai abin da ban rubuta a nan ba. Ranar Juma'a ni na tura wa Tela lokacin: 3:40 daidai.

Saƙonta ya shigo da hantsi. Ta rufe shago da wuri, ta tara babansu da ƙannenta a gaban rediyo. "Babanmu ya tashi ya kashe. Ba komai Anti, na gode da ƙoƙari."

Yaya ta karanta ta miƙo min wayar. Da ma ta zage ni.

Litinin, 26 ga Mayu

Manaja ta kira ni. Na kai mata kwafin katunana, saba'in da ɗaya. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ashe ni ce shirin. Wata uku nake jiran jimlar nan. Sai ta ce, "Na saba'in da biyun fa? Mantuwa?"

Da na ce e, shi ke nan. Na ce a'a.

Ta ce za ta yi tunani.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe 4:20

An sake saka waƙar. Ni na roƙa. Na rubuta katin, gaba da baya, na ajiye a gabansa ba tare da na dube shi ba. Ya karanta a hankali, ya ba da haƙuri, ya faɗi sunanta sau biyu. Bai cire abin kunne ba, minti uku da daƙiƙa takwas. Da ya fito ya tsaya kusa da bencina ya ce, "Rigar tana nan har yanzu?" Na ce ban tambaya ba.

Ban yafe masa ba. In na tuna guminsa har yanzu ina murmushi, ko da yake ba kamar ranar ba.

Abubuwan da ban sani ba:

Ko za a ɗauke ni. Manaja ta ce sai Litinin.
Ko Tela ta karanta doguwar wasiƙar da na tura mata. Alamar ta nuna ta isa.
Ko babansu ya kunna rediyon yau.
Ko "na gano" sau nawa ya faɗa. Na duba tafin hannuna, babu komai. Waƙar nake ji.