Akwatin Kawu Sale

Laraba da dare, 9 ga Sha'aban

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Wata biyu ke nan dasashin Inna yana jini, ko jar dawar da sojoji ke rabawa ba ta iya taunawa. Yau Kawu Sale ya dawo daga Damagaram da wani ƙaramin akwati mai batir da wayoyi biyu. Wai lantarki ne, yana tayar da dasashin da ya mutu.

Maƙwabta sun taru kallo, ya miƙo mini takardar da ke ciki, tunda ni ce mai zuwa makarantar boko. "'Yar lakwal, karanta mana nasaranci."

Na karanta a zuci. An rubuta cewa sai likita ya fara kankare dattin haƙora, wannan abin ƙari ne kawai. Na buɗe baki, Kawu ya kalle ni, sai na sunkuyar da kai. Yaya zan ƙaryata wan Inna a gaban maƙwabta?

"Kun gani? Ba ta ga aibu ba. Hadiza, buɗe baki," in ji Kawu, yana juyawa ga Inna.

Ya ɗora wayoyin, Inna ta zabura, hawaye ya zubo mata. Amma cewa ta yi, "Na gode, Yaya." Na gode! Da magariba ko kunu ta kasa sha.

Kawu nake jin haushi, amma na fi jin haushin kaina. Shekara shida a lakwal, na kasa faɗin layi ɗaya.

Ɗazu na karanta wa Inna takardar da Hausa. Da na gama, sai ta ce in nemo mata mayafinta, da asuba za mu likita.