Alayyahunki da Barewar Manchester

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa a makwancinki. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba, jama'a ne za su karanta su yi mini dariya. Amma labarin naki ne, kuma har yau in abu ya same ni, tunanin farko da ke zo mini shi ne bari in gaya wa Inna.

Kin tuna zuwana Bichi na ƙarshe da na same ki da rai, kin ƙulla mini irin alayyahu a 'yar leda, kika ce in raba da Yaya Bilki. Wancan mai jan kara da kika gada wajen mahaifiyarki, wanda kike cewa na kasuwa ciyawa ne a kansa. Bayan rasuwarki aka yi ɗakuna a bayan gida, aka malale lambunki da siminti, babu wanda ya tuna ya ɗebi iri. Yaya Bilki ta shuka nata a bayan gidanta na Birmingham, dodon koɗi ya cinye shi tas cikin mako guda. Saura nawa ke nan a duk duniya, Inna, abin da bai cika cokali ba.

Shekara uku yana cikin durowa, domin gidanmu na Whalley Range, nan Manchester, bene ne, ko ƙasar cika tukunya sai an saya. Bana hukumar gari ta ba ni ɗan fili a inda take ba masu sha'awar noma, can kudu da gari, kusa da wani kurmi a bakin kogi. Na fara tsirar da irin a bakin taga, ina leƙa shi safe da yamma har matata Rabi ta fara tsokanata wai ko 'ya'yanmu ban yi musu wannan reno ba. Da sanyi ya tafi na dasa tushe talatin, suka kama, suka yi kore shar har zuwa gwiwa.

Wata Asabar na je na tarar an aske su. Na fara zargin ɓarawo, ina ta huci ni kaɗai, sai na ga sawu a ƙasa irin na akuya. Maƙwabcina a gonar, wani tsohon Bature mai noman wake, ya duba ya ce barewa ce daga kurmin nan take fitowa. Barewa, Inna, a Manchester. Na bar Bichi ban taɓa ganin barewa da idona ba, sai da na zo garin da motoci ba sa barin mutum ya tsallaka titi sannan ta zo ta yi kalaci da gadona. Na ƙirga abin da ya rage, tushe tara.

A nan injiniyancina ya motsa. Ke ce kike gaya wa matan unguwa cewa autanki ne ke riƙe da wutar Turawa, don haka na ce ba za a ji kunyata a gaban dabbar daji ba. Na nemi izinin masu kula da filin in kewaye gonata da shingen waya mai wutar lantarki, suka yarda in zan kafa allon gargaɗi. Na kafa turakun katako, na yayyanka tsohon tiyo na sa inda waya za ta zauna don kada wutar ta zurare, na samo batirin mota da 'yar na'urar da ke tura wutar kaɗan-kaɗan, na buga rodi cikin ƙasa. Wutar ba ta kisa, mari ne kawai mai shiga jiki. Na gama na tsaya na riƙe ƙugu ina yaba kaina.

Kuskurena ɗaya ne, ban auna tsayin shingen da abin awo ba, da tunaninki na auna. Darnin karan da kike yi saboda awakin maƙwabta iya ƙugu yake tsayawa, kuma ban taɓa ganin akuya ta haure shi ba, sai hannuna ya tsaya a nan. Washegari da sassafe na je duba aikina, na tarar da barewar a ciki. Ja ce, siririya, ta ɗago kai ta dube ni tana tauna, babu alamar kunya a fuskarta. Da ta gama ta ɗaga ƙafa ta haure wayar ta wuce, ko gashinta bai taɓa ba. Saura tushe bakwai. Ranar ban yi dariya ba, na zauna a kan bokiti, domin na ga abin naki zai ƙare a hannuna.

Tsohon nan ne ya fitar da ni. Ya ce in ƙara tsayi, in ja layi na biyu daga waje don ta rasa inda za ta dira, sannan in koya wa hancinta hankali. Barewa ba ta tsoron waya sai ta ɗanɗana ta, kuma ba za ta ɗanɗana ba sai an shafa abin da take so. Ya ce markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake shafawa a 'yan gwangwanaye a rataya jikin wayar. Ni kuwa na san inda gyaɗa ta gaske take. Na buɗe firij na kwashi tunkuzar da Rabi ta ajiye don miyar taushe. Ba zan maimaita abin da ta faɗa mini a nan ba, tunda mutane na karantawa, amma kwana biyu ana ba ni abinci ba a kallon fuskata.

Na gama gyaran daidai la'asar. Na kunna wutar, na cire takalmi da safa, na ɗauki buta na tsuguna gefen shingen ina alwala. Ƙasar dama a jiƙe take, kin san garin nan ruwa ba ya gajiya. Na zo wanke ƙafar hagu, na tsaya da ƙafa ɗaya, na yi tangaɗi, hannuna ya nemi abin kamawa ya kama waya. Jiƙaƙƙen hannu, jiƙaƙƙiyar ƙafa babu takalmi, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shekara ashirin ina gargaɗin ma'aikata a kan wannan ɗin.

Kin sha ce mini, "Sagir, hannunka ya fi kanka sauri." To, ya tabbata. Butar ta yi gabas, ni na yi yamma cikin waken Bature. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba salati na fara yi ba, Allah Ya yafe mini. Sunanki na kira, da ƙarfi, ƙato da furfura a gemu yana wayyo Inna. Tsohon ya yi dariya har ya dafa shebur, sannan ya zubo mini shayi daga fulas ɗinsa. Na rasa ko alwalar tana nan, na sake wata daga nesa da shingen.

Kwana biyu bayan nan na tarar an lashe gefen gwangwani ɗaya, ga sawu ya nutse a ƙasa inda ta zabura ta koma kurmi. Na ɗan tausaya mata, tunda na san abin da ta ji. Ba ta sake zuwa wurina ba, ta koma kan waken tsohon, sai da na ja masa nasa shingen shi ma.

Tushe bakwai ɗin na ɗaura wa kowanne tsumma, yadda kike yi in kin ware na iri, kina cewa, "Kada wanda ya taɓa mini waɗancan." Ko ganye ɗaya ba mu ci ba bana. Kullum ina duban sama ina roƙon sanyi ya jinkirta. Allah Ya amsa, kawunan suka nuna, na yanke su na rataya a kicin suka bushe.

Sai na tarar ban iya sheƙe iri ba. Ranar Asabar da ta wuce na zuba su a buhu na tafi Balsall Heath, can Birmingham, wajen Yaya Bilki. Ta shimfiɗa zani a bayan gida, ta murtsuke kawunan a tafin hannu, ta ɗauko faifai. Tana kaɗa shi ta karkatar da kai gefen hagu, ta hura ƙaiƙayin da gefen baki, ta share bakin faifan da ɗan yatsa. Ita ba ta san ta yi ba. Ke na gani zaune a wurin nan, Inna, kuma na yi kewarki fiye da ranar da aka bugo mini waya aka ce kin rasu. Na ce ƙaiƙayi ne ya shiga idona, ta ce ita ma.

Irin ya cika kofin shayi har ya yi tozo. Mun raba uku, nata, nawa, da wanda zai koma Bichi. Baɗi in Allah Ya kai mu za mu sha miya, kuma duk Bahaushen Manchester ko Birmingham da ke so ya zo ya karɓa, ba a hana kowa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi. Duk wanda ya ci ganyen nan, mutum ko dabba, Allah Ya kai ladan gare ki. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna Firdausi, amin.

Autanki,
Sagir