Aljihun da kika ɓoye a rigar Baba

Inna,

Gaisuwa da fatan kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma sai dai in karanta miki, kina gyara mini magana.

Garwa tana nan da zafinta. Baba yana nan da ciwon sukarinsa da taurin kansa. Kwalbar allurarsa tana gindin randa inda kika saba ajiyewa, ni ke dafa sirinji yanzu.

Bayan rasuwarki na kwashe sukarin gidan kaf na kai wa maƙwabta. Mai ciwon sukari, me zai yi da sukari? Haka na ɗauka.

Ranar kasuwar shanu Baba ya yi allura, ya fice bai sha koko ba, wai garke ya iso da wuri. Kafin azahar sai gumi da rawar jiki, harshe ya karye, yana tangaɗi yana zagin mutane. Inna, har an fara raɗa cewa Alhaji ya sha giyar bilbil. Mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba.

Amininsa Malam Buba mahauci ne ya ture mutane. Ya zaunar da shi, ya laluba cikin shuɗiyar rigar nan, ya farke wani ɗan aljihu a ƙarƙashin hammata, ya ciro ƙwayoyin sukari ƙulle a ƙyalle ya ba shi ya tsotsa. Ba a jima ba Baba ya dawo hayyacinsa, yana tambayar ina bijiminsa.

Malam Buba ya ce ke kika aika matarsa ta gaya masa wurin, tun kina kwance. Kina fama da naki numfashin, amma hankalinki yana kasuwa?

A lopital, asibitin da muka kai shi, ma'aikaciya ta fahimtar da ni: allura tana saukar da sukarin jini, in ba abinci sai ya faɗi ƙasa, kuma wannan ya fi saurin kisa. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ko kin faɗa, ina can ina dariya? Kin tuna muna kiranki Komisar, shugabar 'yan sanda, saboda tsare ƙofa da kwanon koko? Ina kewarki, Inna, kuma ban taɓa ce miki sannu ba.

Yanzu ni ce Komisar. Ba koko, ba fita. Yana mita, amma yana shanyewa, har ya fara kumatu. Masu raɗa kuwa sun zo gaisuwa suna sunkuyar da kai.

Na ɗinka aljihu a kowace riga tasa, na sa sukari a ciki. Ɗinkina a karkace yake, da kin gani da kin warware. Amma yau da zai fita na ga ya tsaya a zaure, ya shafa ƙarƙashin hammata, ya kira sunanki a hankali, sannan ya sa takalmi.

Ki huta, Inna. Na karɓi tsaron ƙofa.

'Yarki,
Hadiza, daga unguwar Jambutu