Ƙafar da Ke Harbi Ba da Izinin Mai Ita Ba

Malam, a taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin tsufana. Shekarun baya na ji ana cewa akwai wata na'ura a Damagaram da ke sa ƙafar mutum motsi ba da saninsa ba. Na yi dariya. Ni da na tashi a gaban kakata, na sha labaran da suka fi wannan gishiri.

To ɗana Sadisu mai tseren gudu ne. Wasu masu bincike suka sa shi cikin waɗanda za a auna, na raka shi daga Waca. Suka zaunar da shi, suka ɗaure idon sawunsa, suka manna masa wayoyi a cinya, suka saki kuran, wato wutar lantarki. Ƙafar ta dinga harbi ita kaɗai, kamar ta ragon da aka yanka, shi kuwa yana ta hira. Sun ce so suke su ga yaushe naman zai gaji in an cire taurin kan mai shi. Na ce a raina da sun tambaye ni, taurin kan gado ne.

Wata biyu yana atisaye, jibi ne awo na biyu. Na hana shi zuwa, na ce kuran na shan jini. Ƙarya na yi. Tun ranar nan ko a gona nake, ƙafar nake gani, kuma ba tasa ba. Domin wadda ta ba ni labarin na'urar a ƙarshe, tana kwance da shanyayyar ƙafa tana roƙon in kai ta, na ce mata tatsuniya ce, ita ce Kellu, uwarsa. Damina uku ke nan da rasuwarta.

Wani tsoho daga Waca

Baba, Allah Ya jiƙan Kellu. Ba zan ruɗe ka ba: likitoci na amfani da irin wannan wuta wajen gashin ƙafar da ta shanye, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Gaskiya ta ji, kai ka yi kuskure. Amma abin da ka gani awo ne, ba magani ba, kuma ba ya ƙara wa kowa kwana.

Wutar ba ta shan jini, ka fi ni sani. In Sadisu bai koma ba, babu abin da za a gwada da awon farko, wahalar wata biyu ta tafi a banza. Ka kira shi yau ka faɗa masa ainihin dalili, uwarsa ce, yana da haƙƙin ji. Jibi ka bar shi ya tafi. In zuciyarka za ta ɗauka, ka sake raka shi, ka yi wa mai na'urar tambayar da Kellu ta so a yi.

Allah Ya sanyaya maka, Ya ƙara wa ƙafar Sadisu juriya.